Yadda ake koya wa yara harbin faifai a Birtaniya

A Birtaniya, yara ma suna shiga wasan harbin faifai a sama. Na'ura ce ke cilla faifan, mai faɗin milimita 110, maharbi kuma ya tarwatsa shi da bindigar harbin tsuntsaye. Doka ta ce wanda bai kai shekara 15 ba ba zai riƙe bindigar ba sai a ƙarƙashin kulawar wanda ya kai 21.

Babbar matsalar ita ce naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa idan ta tashi. Yaron da ya ji zafi a harbin farko yakan koyi runtse ido da ƙanƙame jiki tun kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar rabuwa. Shi ya sa masu horarwa ke farawa da harsashi mai nauyin giram 21 maimakon 28 da manya suka saba da shi.

Iyaye kan ɗauka cewa bindiga mara nauyi ta fi dacewa da yaro, alhali da harsashi iri ɗaya ita ta fi naushi. Ƙaramar nan mai lamba .410 kuwa, duk da sauƙinta, ƙwayoyin darmarta kaɗan ne, kuskure ya yi yawa, yaro ya karaya. Matoshin kunne da tabarau dai wajibi ne.

Amber Rutter, wadda ta ci wa Birtaniya azurfa a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ta fara ne tana 'yar shekara 10 tare da kakanta.