Idan Sana'a Ta Kuɓuce: Darasin Kogin Komadugu Ga Mai Neman Sabuwar Hanya

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Magana ce mai sauƙin faɗi a bakin wanda albashinsa ke shigowa ƙarshen wata, amma tana da nauyi ƙwarai ga magidancin da ya wayi gari ya tarar an toshe hanyar da yake ci da iyalinsa. A jahar Difa, can ƙuryar gabashin ƙasarmu, kilomita sama da 1,300 daga Yamai, dubban mutane sun ɗanɗana wannan nauyi: masunta da aka raba da ruwa, manoman tattasai da aka raba da gonakinsu, ƴan kabu-kabu da aka raba da baburansu, sai kuma samari masu takardun shaida da ke zaune suna jiran aikin gwamnati wanda bai zo ba. Tambayar kowannensu ɗaya ce: yanzu mi zan yi da rayuwata? Amsar da za mu ba mai karatu, a cikin tarihin wannan yanki muka tsinto ta, domin mutanen bakin Komadugu sun daɗe da sanin yadda ake sake sana'a ba tare da an zubar da mutunci ba.

Mutanen da ruwa ya koya wa sauyi

A farkon shekarun 1960 tafkin Cadi yana da faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000, garin Ngigimi kuwa a bakin ruwa yake. Da farin 1973 ya zo sai tafkin ya rabu gida biyu, farin 1984 ya ƙara tsananta lamarin, har ruwa ya janye daga ɓangaren Nijar. Masuntan da suka gaji fatsa da koma kaka da kakanni suka ga kwale-kwalensu zaune a kan busasshiyar ƙasa. Wasu suka bi ruwa zuwa kudu. Wasu kuwa suka dubi ƙasar da ruwan ya bari, suka ga baƙa ce mai danshi, sai suka ɗauki hauya suka shuka masara da wake. Da ruwa ya komo bayan shekaru, da yawa daga cikinsu suka riƙe sana'o'in biyu, kowace da lokacinta.

Haka abin yake a bakin kogin Komadugu, wanda ya raba mu da Najeriya na tsawon kilomita kusan 150 kafin ya faɗa tafki. Kogi ne da ba ya gudu shekara cur: ruwansa kan iso da damina, ya cika da kaka, ya ƙafe da bazara. Madatsun ruwan da aka gina can sama a jihar Kano, wato Tiga a 1974 da Calawa a 1992, sun ƙara sauya masa hali. Mobawa da sauran Barebarin da ke zaune a gaɓarsa, waɗanda da can suka dogara ga kamun kifi da noman gero da shinkafa da alkama, da suka ga damina ta daina riƙon alkawari sai suka juya ga noman rani. Yaɗuwar injin ban ruwa daga shekarun 1980 ta sa tattasai ya zama babban abin samun kuɗin jahar, har ake yi masa kirari da jan zinariyar ƙasar Manga. Ana shanya shi, a ɗura a buhu, a kai kasuwannin Najeriya, inda kuma ake kai bandar kifin tafki. Ashe ke nan sana'ar da matasan yau ke ɗauka ta gado ce, jiya-jiya iyayensu suka rungume ta da ƙarfi, lokacin da tsohuwar hanya ta gaza.

Shekarar da komi ya tsaya

Ranar 6 ga watan Fabrairu na 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Ƴan kwanaki bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jahar, wadda aka yi ta sabuntawa shekara da shekaru. Aka hana hawan babur, aka hana kamun kifi da cinikinsa, aka hana fataucin tattasai, aka sa ido a kan sayen mai da takin zamani, bisa hujjar cewa ta nan ne mayaƙan ke samun kuɗi da kayan aiki. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu na wannan shekara aka umurci mazauna tsibirai su fita. Harin Boso na watan Yuni 2016 ya ƙara koro dubban jama'a, suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya mai lamba 1. An sassauta dokar tattasai a 2017, ta kifi kuma a 2019, a 2021 aka fara mayar da wasu ƴan gudun hijira garuruwansu, amma shekarun da suka shige sun riga sun cinye jarin mutane da yawa. Ambaliyar kogin a 2019 da 2022 ta zo ta ƙara wa Barno dawaki.

Asarar dukiya abu ne da ake gani da ido. Akwai kuma wadda ba a gani. Mutumin da garinsu kaf ya san shi da sunan sarkin ruwa, ko manomin da ke ɗaukar ƴan ƙwadago goma, in ya koma bin layin rabon cimaka, abin da ke cin zuciyarsa ya wuce yunwa. Gani yake ba shi da sauran amfani. Wannan ciwo shi ne farkon abin da ya kamata a yi wa magani, domin wanda ya yanke ƙauna daga kansa ko an ba shi jari ba zai iya juya shi ba.

Sana'a daban, mutum daban

Abin da ya kamata mai neman sabuwar hanya ya fara fahimta shi ne, an iya ƙwace masa wurin aiki da kayan aiki, amma abin da ke cikin kansa da hannunsa yana nan. Ɗauki masunci. Ya iya saƙa da ɗinki, tun da shi ke gyaran komarsa. Ya san katako. Ya san yadda ake banda da adana abinci kada ya lalace. Ya iya ciniki da naira da sefa, ya kuma saba tashi tun kafin asuba. Manomin tattasai ya san ciwon injin ban ruwa tun daga ƙararsa, ya san renon iri, ya san sarrafa ma'aikata. Ɗan kabu-kabu ya san lungunan gari da mutanensa, ya iya kwance inji ya ɗaura. Matar da ke sayar da kifi ta san riƙon amanar bashi da lissafin riba ba tare da takarda ba. Duk waɗannan jari ne wanda ba ya ƙonewa, ba a kuma sace shi.

Don haka matakin farko, ka zauna kai kaɗai, ko da wani dattijo wanda ya san ka tun kana yaro, ka lissafa abubuwan da ka iya ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda kake rainawa. Ka tambayi kanka: wane aiki ne mutane kan zo nemana dominsa ko da ban yi talla ba? Wane aiki ne in na kama shi ba na jin wucewar lokaci? Sau da yawa na kusa da kai sun fi ka ganin baiwarka.

Mataki na biyu, ka fita ka dubi abin da jama'a ke nema ba su samu. Garin Difa ya cika ya batse tun zuwan ƴan gudun hijira daga ƙauyuka da kuma Najeriya. Inda mutane suka taru, buƙata ta taru: bulo da gini, ruwan sha, abinci dafaffe, ɗinki, aski, gyaran wayar salula, haɗa faranti mai aiki da hasken rana, jigilar kaya da amalanke, kiwon turka na raguna kafin babbar salla. Manufar rayuwa da mutane ke ta nema kamar wata ɓoyayyar taska, galibi tana nan ne a mahaɗar abin da ka iya da abin da maƙwabcinka ke buƙata. Ranar da wani ya zo ƙofarka domin kai kaɗai ke iya warware masa matsala, ranar za ka ji ka koma mutum.

Lissafi kafin tsalle

Mataki na uku shi ne lissafi, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Noman tattasai kansa ya isa misali. Mai kallo daga nesa buhuna kawai yake gani, ba ya ganin kuɗin mai, da taki, da maganin ƙwari, da ladan masu dashe da masu tsinka. Manomin da ya karɓi bashi wurin ɗan kasuwa tun farkon shuka, da buhu zai biya lokacin girbi, daidai lokacin da farashi ya faɗi ƙasa. Wanda ya iya ajiye kayansa ƴan watanni shi ke cin riba. Saboda haka kafin ka sayar da akuyar matarka ka shiga wata harka, ka je wurin mutum uku da suka shekara a cikinta, ka tambaye su abin da suke kashewa, da watannin da kasuwa ke mutuwa, da abin da ya karya waɗanda suka bari. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na huɗu, ka yarda ka koma ɗan koyo. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma ya hana magidanta da yawa durƙusawa gaban yaron da suka girma domin koyon walda ko gyaran inji. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati a cikin gundumomi, akwai asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa horo da koyon sana'a, akwai ofishin ANPE na masu neman aiki, ga kuma zauren manoma na jaha mai ba da shawara kan iri da ƙwari da kasuwa. Duk da haka babbar makarantar sana'a a ƙasar nan har gobe ita ce rumfar maigida: garejin bakanike, shagon tela, maƙera. Wata shida na sharar gareji da miƙa sifana ya fi shekara biyu na zaman shayi a fada.

Mataki na biyar, ka fara kaɗan, kuma kada ka saki reshe ka kama ganye. Mutanen tafki ba su taɓa dogara ga abu ɗaya ba: ga gona, ga ƴan awaki, ga koma a rataye. In kana da ɗan abin da ke kawo maka na cefane, riƙe shi, ka gwada sabuwar sana'ar da maraice ko ranar kasuwa har ta tsaya da ƙafafunta. In jari ya gagara, adashi da ƙungiya sun fi bashin mai ruwa. Matanmu sun riga maza gane wannan, shi ya sa a gidaje da yawa na ƴan gudun hijira ƙosai da man gyaɗa da tabarmar kaba ne suka riƙe tukunya.

Ga masu takardun shaida

Ɗan lakwal yana da nasa ciwon. An raine shi a kan cewa ƙarshen karatu shi ne ofis da kujera. Wannan zamani ya shuɗe tun matsin tattalin arzikin shekarun 1980 da 1990, lokacin da gwamnati ta daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu, ma'aikata suka yi ta bin bashin albashi, kuɗin sefa kuma ya karye a watan Janairu na 1994. Man fetur ɗin Agadem da aka fara haƙowa a 2011 bai ɗauki kowa da kowa ba. Aikin ƙungiyoyin agaji kuwa kwantaragi ne, ranar da kuɗin mai bayarwa ya ƙare, aikin ya ƙare.

To karatun ya zama banza ke nan? Ko kusa. Jami'ar Difa da aka kafa a 2014 ta ba da ƙarfi ga ilmin noma da muhalli, abin da yankin ke ƙishirwarsa. Ƙungiyar manoma tana buƙatar mai riƙe mata littafin kuɗi. Tattasan da ake fitarwa a buhu yana buƙatar mai niƙa shi, ya zuba a leda mai tsabta da suna a kai, ya kai Damagaram da Maraɗi da Yamai. Kwaruruwan Maine-Sorowa da Gudumariya, masu dabino da kanwa, yashi na cinye su, suna jiran masu sanin dabarun tsayar da tudun rairayi. Saurayin da ya haɗa alƙalami da hauya ya fi wanda ya riƙe ɗaya kaɗai.

Babu wanda ya makara

Wanda ke ganin tasa ta ƙare, ya tuna da Gudumariya. A ƙarshen 2016 gwamnati ta yi shelar afuwa ga ƴan Boko Haram da suka ajiye makami, aka tara su a wata cibiya a wannan gari, aka koya musu sana'o'in hannu, a watan Disamba na 2019 kuma rukunin farko, mutum fiye da ɗari, suka fito. Jama'a da dama sun yi gunaguni, kuma suna da hujja: yaya za a koya wa wanda ya ɗauki bindiga sana'a, alhali wanda aka ƙona wa gida yana zaune hannu rabbana? Wannan ƙorafi yana wuyan hukumomi, kuma wajibi ne su amsa shi da aiki: tsaron gonakin bakin kogi, taki da mai a kan lokaci, bashi mai sauƙi ga matasan da suka yi haƙuri ba su bi ɓata ba. Amma darasin yana nan daram. In har wanda ya yi nisa haka ana sa ran ya komo ya riƙe zarto ko keken ɗinki, to wanda bala'i kawai ya faɗa wa ba shi da dalilin yanke ƙauna.

Ya kai mai karatu, in kana cikin masu wannan tambaya, kada ka jira sai ka ga ƙarshen hanya kafin ka ɗaga ƙafa. Cikin wannan mako ka lissafa abin da ka iya, ka zaga kasuwa da idon mai nema, ka gaida maigida ɗaya a rumfarsa ka roƙi ya ba ka wuri. Kakanninka sun ga tafki ya tafi ya bar su, suka shuka masara a inda suke jefa koma, suka ci, suka ciyar da mu. Allah ya ba mu zaman lafiya a Manga da ƙasa baki ɗaya, ya sa wa kowa albarka a abin da hannunsa ya kama. Amin.