Ƙyallen da Tela Ke Sharewa Ya Isa Kwando

Duk mako biyun ƙarshe na azumi, ƙasan shagunan teloli a Kasuwar Wuse da ta Garki da ta Utako a Abuja cike yake da ƙyallaye: bakin atamfa, ragowar shadda, guntun leshi da bai kai tafin hannu ba. Yaron shago ya share, a ɗure a buhu, motar shara ta hukumar AEPB ta kwashe zuwa jujin Gosa. Baban bola ma bai waiwayarsu, shi ƙarfe da roba yake nema. Wanda ya ga buhun ya dame shi kuwa ashana yake ƙyasta masa, alhali yawancin yadin yanzu da roba a jikinsa, hayaƙinsa ba na shaƙa ba ne.

Iyayenmu ba su san wannan asarar ba. Da ƙyalle suke cusa matashin kai, su naɗa gammo, yara mata su yi wa 'yar tsana zani, tufafi kuma a adudu ake adana su. Yau mai ɗaki ɗaya a Nyanya ko Kubwa na sayen kwandon roba don kayan jariri, ya tsage cikin 'yan watanni, ga shi kuma kwando na kwance a ƙasan keken telanta.

Don ɗinka kwandon, a fara da wanke ƙyallayen, a goge. Atamfa takan ja jiki a wankin farko, wata shaddar kuma tana zuba, idan an haɗa ta da farin yadi sai ta ɓata shi. A ware masu kauri ɗaya, domin leshi da yadin jins ba sa zama wuri guda, mai nauyin zai ja mara nauyin ya yage. Sai a daidaita gefunansu da almakashi, a riƙa haɗawa ɗaya bayan ɗaya, ana buɗe kowane ɗinki da dutsen guga, har a sami dogon yanki.

Lissafin ba wuya. A kife faranti mai faɗin inci 10 a zana da'irar gindi, a ƙara rabin inci na ɗinki. Kewayen irin wannan da'ira ya ɗan haura inci 31, don haka a yanka jikin inci 32 da rabi, tsayinsa kamar inci 11. A yanka shafi daidai wannan awon daga tsohon zanin gado.

Inda aikin yake lalacewa shi ne tsakiya. Mutane kan ɓata lokaci wajen zaɓen launi, su manta cewa yadi shi kaɗai ba ya tsayuwa. Da an gama sai kwandon ya zube kamar hular da aka zauna a kai. Dole a sa abin da zai riƙe shi tsakanin fuska da shafi. Gam ɗin da teloli ke manna wa wuyan riga yana yi, amma kuɗi ne. Buhun shinkafa da aka wanke aka ninka biyu ya fi shi arha, kuma yana jure wanki, sai dai kada dutsen guga ya taɓa shi, narkewa zai yi. Kwali kuwa, a ganina, kada a ɗinke shi ciki sam, ruwa ɗaya zai mai da shi dagwalo. A yanka shi da'ira a shimfiɗa a gindi, ranar wanki a zare.

Da keken Butterfly na ƙafa ma za a gama, muddin an sa allura mai lamba 16 ko 18. A jera ɗinki layi-layi daga sama zuwa ƙasa, tazarar yatsu biyu, shi ke ƙara wa jikin tauri. A rufe gefe, a haɗa da gindi, a zura shafi, a kalmashe baki tare da hannaye biyu da aka yi da ƙugun tsohon wando.

Masu kai ɗinki su tuna ragowar yadinsu nasu ne. A gaya wa tela tun ranar awo ya ɗaure shi tare da kayan, kafin cunkoson Sallah ya haɗe shi da na kowa.