Kabewa Mai Dogon Wuya: Gashi Take So

A manyan kantunan Abuja da Legas, wani lokaci har da Kano, akan ga wata kabewa mai launin ƙasa-ƙasa, wuyanta dogo, gindinta a kumbure kamar gora. Turawa suna kiranta batanot. 'Yar uwar kabewar da muke miyar taushe da ita ce, kuma asalinsu ɗaya, domin duk dangin kabewa daga nahiyar Amurka suka fito. A kogon Gila Nakis da ke jihar Wahaka ta ƙasar Meziko an tono 'ya'yan kabewar da mutane suka noma kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Sai bayan tafiyar Kolombas ta 1492 jiragen ruwa suka bazu da irin zuwa sauran duniya. Ita wannan mai dogon wuya kuwa yarinya ce a cikin dangi: a shekarun 1940 wani mutum mai suna Charles Leggett ya fitar da irinta a garin Stow na jihar Masacusets.

Mai girki za ta so ta tun daga wuƙa. Wuyan nan duk tsoka ne, babu rami, 'ya'yan suna can gindi a dunƙule, cokali ɗaya ya kwashe su. Ɓawon siriri ne amma da tauri da santsi, don haka a datse kai da gindi tukuna, a raba wuya da ciki, sannan a tsayar da kowane yanki a kan katako a fere daga sama zuwa ƙasa. Wadda ta riƙe ta a tafin hannu tana fera kamar dankali, yatsanta take wa tayi.

Inda ake yawan ɓata ta shi ne tukunya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na jikinta ruwa ne tun daga gona. Idan aka sake tsunduma ta cikin ruwa aka bar ta tana ta ɓararraka, zaƙinta ya tsere cikin romon, a tsame ta salam, a ce kabewar Bature ba ta da daɗi. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da aka tura, alhali jan nan da ke fitowa a jikin tsire ko gefen waina ba ya kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140. A nan ne sukari da sinadaran furotin suke haɗuwa su haifar da ƙamshin gashi, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Shi ya sa a Afirka ta Kudu, inda ake cin batanot sosai, sukan raba ta biyu su naɗe su ɗora a garwashi gefen nama.

A gida abin ba wuya. A yanka ta ƙanana daidai wa daida, a murza mata man gyaɗa da gishiri da ɗan yaji, a baza a faranti, a sa a obin mai zafin digiri 200 na kimanin minti 30 zuwa 40, a juya sau ɗaya. Kada a cunkusa. Yankan da suka hau kan juna tururi suke yi wa junansu, ba za su yi ja ba. Wadda ba ta da obin, ko wadda wutar lantarki ta saba yi wa halinta, ta yi amfani da kasko mai kauri a kan garwashi, ta rufe har ta yi laushi, sannan ta buɗe ruwan ya ƙone. Idan tsinken tsire ya shige ba gardama, ta nuna. A ci da shinkafa da miya, ko a dama ta da albasa da citta da romon kaza ta zama miya mai kauri.

Man nan da aka murza ba don daɗi kaɗai ba ne. Launin ruwan lemo da ke cikin kabewa na wani sinadari ne, bita-karotin, wanda jiki yake juyawa ya zama bitamin A. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, ya kuma raunana garkuwar jikin yara. Sinadarin a mai yake narkewa, saboda haka hanji ya fi tsotsarsa idan akwai maiƙo a abincin. Iyayenmu mata ba su shiga ɗakin bincike ba, amma miyar taushe ta riga ta cika wannan sharaɗi: kabewa ta narke, ga niƙaƙƙiyar gyaɗa, ga mai, ga alayyahu da yakuwa. Ni dai ban ga girkin da ya fi wannan fitar da amfanin kabewa ba, kuma batanot tana shiga taushe lafiya lau, sai dai a ƙara yakuwa don tsaminta ya danne zaƙin.

Wajen saye, a ɗaga a ji nauyi, a duba ɓawo ba tabo ba kore, farce ba ya shiga. Ba ta son gaggawa: bayan girbi sitacin cikinta yana juyewa sukari sannu a hankali, don haka wadda ta yi 'yan makonni a ajiye ta fi sabuwar tsinka zaƙi. Muddin ba a yanka ba, takan yi wata biyu zuwa uku a wuri mai sanyi da iska. 'Ya'yan ma kada a zubar, a wanke a soya da gishiri.

Uwargida, idan kuɗin ta kanti ya yi miki tsada, kada ki damu. Ki sayi yankin kabewarmu ta kasuwa, ki zaɓi wadda cikinta ya fi ja, ki gasa ta da mai kamar yadda aka faɗa.