Ƙuna Ba Wuta

Daga cikin al'amuran da kan tayar da hankalin hukumomin makarantun kwana a ƙasarmu, musamman daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, akwai wata irin ƙuna wadda ɗalibi kan kwanta lafiya lau, ya wayi gari ya tarar da ita a wuya, ko a fuska, ko a damtse, fatar ta yi jajir tana raɗaɗi, daga bisani ta ɗuri ruwa, alhali kuwa bai kusanci wuta ba, ruwan zafi bai zubo masa ba, kuma bai yini a rana fiye da yadda ya saba ba. Idan abin ya kama mutane da yawa a ɗaki ɗaya cikin mako guda, sai zance ya yawaita, wani ya ce annoba ce, wani ya tuhumi ruwan wanka, wani kuma ya ce shafar aljanu ce ko sammu. Mu kam ba mu musun gaibu, amma ladabin ilmi shi ne a fara bin sabuban da Allah Ya sanya a zahiri kafin a tsallaka zuwa ga waɗanda ido ba ya gani.

Ƙasar Aliero da Jega da Maiyama ta tara sharuɗɗan wannan lalura kusan dukkansu. Ga gonakin gero da wake, ga lambunan albasar da Aliero ta shahara da ita, ga fadamun shinkafa a bakin Gulbin Zamfara wajen Jega, sa'an nan ga jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a shekarar 2006, da sauran makarantu, inda fitilun lantarki kan kwana a kunne saboda masu bitar karatu, alhali karkarar da ke kewaye tana cikin duhu. Da yawa daga ƙwarin da ke tashi da dare kuwa haske suke nufa.

Ta farkon waɗanda ake tuhuma ita ce hangara, wadda kowane manomi ya san ta da cin bununin gero da furen wake. Idan aka matse ta, takan fitar da wani ruwa daga gaɓoɓin ƙafafunta, wanda jama'a ke kira fitsarinta, a cikinsa akwai dafin da masana ke kira kantaridin, shi ne ke sa fata ta yi bororo bayan 'yan sa'o'i. Ita dai girmanta kan tona mata asiri, domin sau da yawa akan gan ta.

Wanda ya fi ta ɓoyewa, kuma ya fi rikita masu bincike, shi ne wani ɗan siririn ƙwaro mai siffar tururuwa, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita ɗaya ba, kai da wutsiya baƙaƙe, tsakiyar jiki ja-ja, masana na kiran jinsinsa Fedarus, mutanen gabashin Afirka kuwa suna ce masa ƙudan Nairobi. Mazauninsa ƙasa mai laima ce, kamar fadamar shinkafa, inda yake cin ƙananan ƙwarin da ke ɓata amfani, saboda haka ga manomi aboki ne. Ba ya cizo, ba ya harbi. Dafinsa, wanda ake kira fedarin, a cikin jininsa yake, ba ya kuma fitowa sai an murje shi, wato sai mai barci ya ji abu na tafiya a wuyansa ya kai hannu ya share. Abin da ya fi kome muhimmanci a nan, kuma shi ne asalin ruɗanin duka, shi ne jinkirin alama: ƙunar ba ta bayyana sai bayan rabin yini ko kwana ɗaya, wani lokaci ma har kwana biyu, sa'ad da ƙwaron ya daɗe da mutuwa, wanda ya kashe shi kuma bai ma san an yi ba, ta yaya zai danganta illar da sababinta? Amma siffar ƙunar kan ba da shaida, domin takan zo a miƙe bisa hanyar da hannu ya bi wajen sharewa, idan kuma a lanƙwasar gwiwar hannu ta faɗa, sai a ga irinta a ɗaya gefen, kamar yadda ɗanyar tawada kan tashi daga wannan shafi ta kama wancan in an rufe littafi. Wani likitan Barazil, Piraja da Silba, ya bayyana wannan cuta tun 1912, kuma a Kenya an ga yawaitarta ƙwarai bayan mamakon ruwan da aka yi a 1997 zuwa 1998.

Ba kowace ƙuna ce ta ƙwaro ba. Ruwan lemon tsami in ya bushe a fata aka shiga rana da shi yana ƙonawa. Haka wasu magunguna, irin su dokisisaikilin, da mayukan bilicin, sukan raunana fata har rana ta yi mata illa. Haka maganin feshi ga ɗaliban da ke zuwa gona. Akwai kuma hasken walda, da fitilun kashe ƙwayoyin cuta na ɗakunan gwaje-gwaje, waɗanda ke fitar da wani haske da ido ba ya gani: in aka bar irinsu a kunne, sai duk wanda ya zauna a ɗakin ya tashi da fuska a ƙone, idanu na yi masa kamar an zuba yashi. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce felagira, cutar da ƙarancin sinadarin niyasin ke kawowa ga wanda cimarsa ta taƙaita ga masara, ba wake, ba gyaɗa, ba nama. Alamarta ƙuna ce a bayan hannuwa biyu daidai wa daida da kewayen wuya, sau da yawa tare da zawo, maganinta kuwa a tukunyar makaranta yake.

Saboda haka wajibi ne ga shugaban makaranta, kafin ya sallami ɗalibai ko ya ƙyale jita-jita ta yi ƙarfi, ya sa malamin asibiti ya rubuta ɗakin kowane majiyyaci, da kusancin gadonsa da taga da fitila, da siffar ƙunarsa, sa'an nan a duba bango da dare, a share ƙasan fitila da safe a ga abin da ya faɗo. In ƙwaron ne, a sa raga a tagogi, a kwana cikin gidan sauro, a nesanta fitilun waje daga ƙofofi, a koya wa yara su hure ƙwaro ko su kakkaɓe shi da takarda maimakon murjewa, wanda kuwa ya riga ya murje ya gaggauta wanke wurin da hannunsa da ruwa da sabulu. Kada a fasa bororon, kada a shafa toka ko man goge baki. Galibi yakan bushe cikin mako biyu ko uku, ya bar baƙin tabon da kan ɗauki watanni kafin ya washe. Amma in hannun da ya taɓa dafin ya kai ga ido har ya kumbura, ko gyambon ya fara ruwa da zazzaɓi, to a kai yaron asibiti a ranar, kada a jira gobe.