Me Ya Sa Ungozoma Ke Rubutu Kafin Ta Yi Miki Allura?

Mace na murƙususun naƙuda, ungozoma kuma ta tsaya neman makulli da biro. Sau da yawa 'yan rakiya kan ɗauka rashin tausayi ne, alhali wannan rubutu yana cikin magani.

Magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin su fetidin da mofin, doka ta ce a kulle su a kabad na musamman mai littafinsa. Duk allura ɗaya da ta fita sai an rubuta rana, lokaci, sunan majinyaciya, yawan abin da aka ba ta, likitan da ya ba da umarni da abin da ya rage. Ma'aikata biyu ke sa hannu. A lokacin canjin aiki a ƙirga, ko kwalba ce ta fashe sai an rubuta. Hakan na hana maganin sulalewa zuwa kasuwa.

Amma a ɗakin haihuwa, lokacin shi ne abin lura. Fetidin na ratsa mabiyiya ya kai ga jariri. Idan aka haihu 'yan sa'o'i bayan allurar, yana iya fitowa da raunin numfashi ko kasalar kama nono. Ungozomar da ta ga lokacin a rubuce za ta shirya kayan taimakon numfashi tun kai bai fito ba.

'Yar'uwa, a ce daga Yargalma aka kai ki asibitin Bukkuyum, Gummi ko Anka, sannan aka tura ki Gusau ko Sakkwato. Wadda za ta karɓe ki ba ta ga abin da aka yi miki ba, takardar turawa ce idonta. Maigida, kada motar ta tashi sai takardar na hannunka, ka kuma tabbatar an rubuta sunan allura da ƙarfe nawa aka yi ta. Wannan ya fi muhimmanci ga mai jijjiga, domin allurarta, magnesiyam salfet, bayan kowace sa'a huɗu ake maimaita ta a ɗuwawu, idan ta yi yawa kuma takan danne numfashi.

Abin da aka sha a gida ma a faɗa. Tun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, amma har yanzu shi da tiramol suna shiga gidaje. In kin sha, ko an ba ki jiƙo, gaya wa ungozoma a keɓe. Sirrinki ne, za ta sa shi a katinki don a san abin da bai kamata a ƙara miki ba.