Amsoshin Takardunku: Yaya Dodon Kunne Yake Aiki?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Farin Dutse, Ƙaramar Hukumar Gwaram a Jihar Jigawa, ya rubuto cewa kunnen ɗansa mai shekara 4 yana ta zubar da mugunya tun da ya yi mura da hunturu, kuma an ba shi shawarar ya ɗiga masa man gyaɗa. Yana so ya san mene ne dodon kunne, kuma ko yaron zai kurumce.

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka. Da farko dai kada ka ɗiga masa komai. Ga dalili.

Shi dodon kunne wata 'yar fata ce marar kauri, a ɗaure tamau kamar fatar kalangu, can ƙarshen ramin kunne. Faɗinta kamar santimita 1, wato bai fi farcen ƙaramin yatsanka ba. In sauti ya shiga kunne sai ya bugi fatar nan ta yi rawa. A bayanta akwai wani ɗan ɗaki mai iska da ƙasusuwa 3, waɗanda babu ƙanana kamarsu a jikin ɗan Adam. Su ne ke miƙa rawar zuwa can cikin kunne, daga nan jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, sai ka ji an yi maka sallama.

To, ɗakin nan yana da wata 'yar hanya da ta ɓulla bayan hanci. A jikin yara gajeruwa ce, shi ya sa in sun yi mura ko ƙyanda, ƙwayoyin cuta kan bi ta nan su shiga. Sai mugunya ta taru, yaro ya yi zazzaɓi, ya kwana kuka yana jan kunne. In ta yi yawa sai ta huda dodon ta fito. Ciwo ya lafa, iyaye su ce an samu sauƙi, alhali kuwa ganga ce ta ɓule. Duk abin da ka zuba yanzu, mai ne ko ruwan ganye, ta hudar nan zai wuce ciki.

Ƙaramar huda takan rufe da kanta cikin makonni kaɗan zuwa wata 2, muddin an kashe cutar kuma kunne ya zauna a bushe. Amma mugunyar da ta wuce mako 2 ba ta jira ba ce. Tana iya cinye ƙasusuwan nan, ji ya ragu har abada, wani lokaci ma ta kai ga sanƙarau.

Saboda haka ka kai shi asibiti a leƙa kunnen da fitila. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. In aikin ya kai ga ɗinke dodon, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1999. Kafin nan, ka goge abin da ya fito waje kawai da ƙyalle mai tsabta, a kiyaye ruwa wajen wanka, kuma ban da iyo a kududdufi.

Sauran masu sauraro kuma, ku sani tsinken ashana, gashin kaza da mari a kan kunne duk suna fasa dodon kunne. Dauɗar kunne kariya ce, da kanta take fitowa.

Allah ya ba yaro lafiya. Sai mun sake ji daga gare ku.