Wane ne Janar Domkat Bali?

An haifi Janar Domkat Bali a Langtang ta jihar Filato a shekarar 1940, ya kuma sami horon soja a Kaduna da Sandhurst ta Ingila, kafin ya zama hafsa a 1964.

A rundunar manyan bindigogi ya yi suna, inda ya fafata a yaƙin basasar Najeriya, daga bisani ya shugabanci rundunar.

Bayan juyin mulkin da ya kawo Janar Muhammadu Buhari a ƙarshen 1983, an naɗa shi ministan tsaro, muƙamin da ya ci gaba da riƙewa a zamanin Janar Ibrahim Babangida.

Shi ne ya sanar da harbe Manjo Janar Mamman Vatsa a watan Maris na 1986 bisa zargin yunƙurin juyin mulki, sai dai daga baya ya nuna shakku kan hujjojin da aka dogara da su.

Da Babangida ya mayar da shi ma'aikatar harkokin cikin gida, ya ƙi karɓa, ya ajiye aiki a watan Janairun 1990.

Ya rasu a Disambar 2020 yana da shekara 80.